Daga Tudun Wada zuwa Gwanzu: Inda awannin suke tafiya

Kayan sola nake sayarwa a Kaduna, batura da inbata da fitilu, kuma na daɗe ina saro kaya ta hannun wani dattijo a layinmu da muke kira Alhaji. Shi ke zuwa Chana, mu kuwa mu damƙa masa kuɗi da takardar abin da muke so. Da jarina ya ɗan yi kauri sai ya ce lokaci ya yi da zan je in ga masu masana'antun ido da ido. Ya ce in shirya mu tafi tare a watan Oktoba, lokacin bajekolin Kanton, wanda ake yi sau biyu a shekara tun 1957 a birnin Guangzhou, Gwanzu a bakin 'yan kasuwa.

Daga Abuja ko Kano babu jirgin da ya miƙe kai tsaye zuwa can, dole sai an yada zango. Akwai masu bi ta Doha, akwai masu bi ta Alƙahira, wasu ta Istanbul. Alhaji ya saba da hanyar Habasha, don haka ejan ya yankar mana tikitin Ethiopian Airlines ta Adis Ababa. Da ya turo mini ta waya, uwargida ce ta fara karantawa. Tashi daga Abuja wajen ɗaya da rabi na rana, sauka a Gwanzu wajen huɗun yamma washegari. Ta ƙirga da yatsu ta samu awa 26 da rabi. Ta duba na dawowa: tashi sha biyu da rabi na dare, sauka a Abuja wajen sha biyun rana a wannan ranar, awa 11 da rabi ke nan. Ta ɗago ta ce, "Maigida, wato hanyar dawowa gangara ce?"

Duk lokacin da aka rubuta a tikiti, agogon garin da ake magana a kai ne. Habasha ta riga Najeriya da awa biyu, ƙasar Sin kuma da awa bakwai. Saboda haka a tafiya sai ka cire bakwai, a dawowa ka ƙara bakwai. Zuwa ya koma awa 19 da rabi, dawowa 18 da rabi, kusan kunnen doki. A cikin wannan ma ba duka ake sama ba, kimanin awa 15 ne a cikin jirgi, sauran zaman jira ne a Adis Ababa. Lokutan kan ɗan motsa daga wata zuwa wata, amma lissafin bakwai ɗin nan ba ya canzawa.

Nisan kuwa, in aka ja layi miƙaƙƙe daga Kaduna zuwa Gwanzu ya ɗan haura kilomita 11,000. Ta hanyarmu, Abuja zuwa Adis kimanin 3,500 ne, Adis zuwa Gwanzu kimanin 8,000. Hajiya mahaifiyata ba ruwanta da kilomita, Jidda ce ma'auninta, domin ita ce tafiya mai nisa da ta sani. Na ce mata daga Kaduna zuwa Jidda wajen kilomita 3,600 ne, ta ninka shi sau uku. Ta yi shiru, can ta ce, "To Allah Ya kai ku lafiya, ɗan nan. Ka riƙe addu'a." Washegari ta aiko da ƙullin kilishi da yaji.

Maganar takardu ba zan tsawaita ba. Fasfo sai yana da sauran aƙalla wata shida. Biza a Abuja ake nema, da takardar gayyata daga can da bayanin asusun banki, kuma mutum ya je da kansa a ɗauki zanen yatsunsa. Sai katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawa, wanda gara ya zauna a cikin fasfo kada a neme shi a rasa.

Abin da ba a rubutawa a tikiti shi ne tsakanin ƙofar gidanka da ƙofar jirgi, kuma ga mutumin Kaduna nan aikin yake. Jirgin ƙasashen waje ana son ka iso awa uku kafin tashi, wato goma da rabi na safe muna filin jirgin Nnamdi Azikiwe. Na kawo shawarar mu bi jirgin ƙasan safe daga Rigasa a ranar, tunda layin dogon zuwa tashar Idu a Abuja kilomita 186 ne kacal. Alhaji ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Yaro, jirgin sama ba ya jiran jirgin ƙasa." Hanyar mota ma ba abin dogaro ba ce ga mai tikitin miliyoyi a aljihu. Tirela ɗaya ta faɗi a wajen Tafa ko Jere, shi ke nan an wuni. Don haka tun jajibiri muka fita. Na yanki tikitin jirgin ƙasa ta intanet da lambar NIN, kamar yadda aka tsara tun bayan harin da aka kai wa jirgin a watan Maris na 2022, ɗan sahu ya kai ni Rigasa da sassafe, muka sauka a Kubwa muka kwana a gidan wani ƙanen Alhaji.

Da na zauna na lissafa daga baya, wannan guntuwar tafiya, da ba ta kai kashi biyu cikin ɗari na dukan nisan ba, ta ci mini awa talatin daga fitata gida zuwa tashin jirgi. Sauran kashi 98 ɗin ba su cika awa ashirin ba. Wannan ya tsaya mini a rai, musamman da yake muna da filin jirgi a bayan Mando da aka kira na ƙasa da ƙasa. Alhaji yana yawan tuna 2017, lokacin da aka rufe filin Abuja na mako shida daga 8 ga Maris don gyaran titin jirgi, aka karkato da zirga-zirga Kaduna. A kamfanonin waje, na Habashan nan ne kaɗai ya yarda ya sauka a nan. Ya ce a wannan karon a gida ya karya kumallo, ya kuma kwana a hanyar Chana. Ni dai ban ga dalilin da zai sa gari irin Kaduna, da 'yan kasuwarsa da ɗalibansa da na Zariya, ya riƙa kwanan hanya kafin ya ga jirgi ba.

A filin jirgi komai layi ne. Layin binciken kaya a bakin ƙofa, layin awo, layin shige da fice, layin na'urar da ake cire takalmi da bel. An ba kowa jaka biyu, kilo 23 kowace, kuma namu kusan wayam suke, don a dawowa ake cika su. Abin cajin waya na tafi-da-gidanka ba ya shiga jakar da za a sa a cikin jirgi, sai jakar hannu. Ruwa ko turare da ya wuce mililita 100 kuwa akasin haka ne, ba ya bin jakar hannu. A wurin awo aka ba mu katin shiga guda biyu, na Abuja da na Adis, aka ce kayanmu sai Gwanzu. Alhaji ya sa na ɗauki hoton 'yar takardar kayan da aka manna a bayan fasfo, ya ce ita ce shaidata in jaka ta yi nata yawon. Rana na gotawa muka haɗa azahar da la'asar, raka'a bibbiyu, aka fara kiran shiga.

Zangon farko bai kai awa biyar ba. Muka bi ta saman Kamaru muka nausa tsakiyar Afirka, aka kawo shinkafa da kaza, na ɗan yi gyangyaɗi. Na bar agogon hannuna a lokacin Kaduna da gangan, waya kuma na bar ta ta bi duk garin da muka sauka. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne biyar ba ta cika ba a hannuna, na leƙa taga na ga rana tana faɗuwa a bayanmu. Kowane digiri 15 da ka matsa gabas, ka riga mutanen gida ganin rana da awa guda, ka kuma riga su rabuwa da ita. Mu kuwa muna cin digirin nan ne da gudun kusan kilomita 900 a awa.

Mun sauka a filin Bole wajen takwas na dare, shida a agogona. Ana buɗe ƙofa sanyi ya mare ni. Adis Ababa tana kan tudu, sama da mita 2,300 daga doron teku, kuma ni shadda ce a jikina ba ko suwaita. Da dare filin nan cika yake maƙil, domin jiragen da suka kwaso mutane daga garuruwan Afirka kusan lokaci guda suke sauka, sannan a rarraba su zuwa Asiya da Turai da Amurka tsakar dare. Ka ji Faransanci a nan, Suwahili a can, ga Hausar Nijar da ta Gana. Muka sake bin layin bincike, muka nemi ɗakin salla muka yi magariba da isha'i, muka samu kujera kusa da ƙofarmu. Alhaji ya gargaɗe ni da in bi allon filin jirgi kawai, kada in tambayi mai shayi ƙarfe nawa, domin Habashawa a tsakaninsu daga wayewar gari suke fara ƙirga awa, bakwai na safe a wurinsu ƙarfe ɗaya ne. A nan muka buɗe kilishin Hajiya. Ba a shiga Sin da nama, saboda haka Alhaji ya ce ko dai mu cinye shi ko a kwace a can. Wasu 'yan Kano biyu da ke zuwa saro yadi suka taya mu, suka kuma yi mana tsiyar cewa yajin Kaduna ba ya da zafi.

Zango na biyu shi ne tafiyar. Mun tashi bayan sha biyun dare kaɗan. A bayan kowace kujera akwai ɗan allo, kuma yayin da maƙwabcina ke neman fim, ni taswira na kunna na bar ta har muka sauka. Tana nuna ɗan jirgi a kan layi, a ƙasa kuma lambobi suna juyawa: nisan da ya rage, tsawo daga ƙasa, gudu, sanyin waje, lokacin inda muka baro da na inda za mu. Tsawon ya tsaya tsakanin mita 10,000 da 12,000. Sanyin waje ya kai 50 ƙasa da sifili, ni kuwa ina ciki da ɗan bargo ina ƙorafi. Muka fita daga Afirka ta wajen ƙahonta, muka hau Tekun Arabiya, ba komai a taga sai baƙi.

Na yi lissafin ɗan kasuwa: kilomita 8,000 a raba da 900 bai cika awa tara ba, me ya sa aka rubuta goma da 'yan kai? Amsar tana kan allon ga mai haƙurin kallo. Lokacin da ke tikiti yana farawa ne daga sa'ad da aka janye jirgi daga ƙofa, ba daga tashinsa ba, kuma a fili mai cunkoso sai a yi minti ashirin ana rarrafe ana jiran layi. Hawa sama yana cin kusan rabin awa ba a kai cikakken gudu ba, saukowa ma haka. Sannan jirgi ba ya bin layin da ka ja da rula. Akwai hanyoyi a sama da masu kula da zirga-zirga suka shata, akwai ƙasashen da ake kauce wa, akwai hadarin da ake zagayewa. Alhazanmu sun ga wannan a 2023, da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu aka rufe samaniyarta, tafiyar Jidda ta ƙara tsawo alhali Jidda ba ta matsa ko taku ɗaya ba. Sai kuma iska. A can sama, galibi daga yamma take kaɗawa zuwa gabas, ta fi ƙarfi a watannin sanyi. Kamar mai kwale-kwale ne a Kogin Kaduna, bin ruwa daban, gaba da ruwa daban, ko da ƙarfin tuƙin ɗaya ne. Shi ya sa lambar gudu a allon ba ta zauna wuri guda ba, kuma shi ya sa zangon nan a dawowa yakan ɗan fi tsawo.

Ba mu cika awa huɗu da tashi ba na ɗaga murfin taga kaɗan, sai ga wani jan zare a gabas, can ƙarshen duhu. Na duba hannuna, biyun dare ba ta ƙarasa ba a Kaduna. Na taɓa Alhaji na ce, "Alhaji, kamar alfijir." Ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Ba kamar ba ne, shi ne. Tashi ka yi alwala kafin layi ya taru." Bayin jirgi ba wurin facaka da ruwa ba ne, sai a hankali, wanki ɗaiɗai. Muka yi asuba a zaune a kujera, sujada ta fi ruku'u sunkuyawa, kamar yadda malaminmu ya faɗa mini da na tambaye shi kafin tafiya. Ya kuma ce in bi rana a inda nake, ba agogon gida ba. Gara da Alhaji ya hanzarta ni, domin mai tafiya gabas asubarsa gajeruwa ce. Kafin in gama lazimi haske ya cika taga, ma'aikaciyar jirgi ta zo ta roƙe ni in rufe saboda masu barci. Daren nan gaba ɗaya, daga faɗuwar rana zuwa fitowarta, awa tara da 'yan mintoci ya yi mini.

Daga nan ne gajiya ta fara. Indiya ta ƙi ƙarewa. Ka yi barci ka farka, ɗan jirgin yana kanta. Ƙafafuna suka kumbura har takalmi ya matse, leɓe ya bushe saboda iskar cikin jirgi ba ta da laima. Alhaji duk bayan awa biyu sai ya miƙe ya taka zuwa baya ya dawo, ya ce likita ne ya umarce shi saboda jini kan daskare a ƙafa in an daɗe a zaune, ni ma na bi sahu. Shan ruwa da yawa na taimakawa, sai dai wanda ke kujerar taga sai ya tashi mutum biyu duk lokacin da zai fita, saboda haka ga doguwar tafiya kujerar bakin hanya ta fi, duk da daɗin leƙe. A wajen Bangaladash da Miyanma muka shiga gargada, aka kunna fitilar ɗaura bel, shayi ya yi ta rawa a kofi, wata baiwar Allah a bayanmu tana ta salati da ƙarfi. Bai wuce minti goma ba ya lafa.

Da aka fara saukowa kunnena ya toshe, na yi ta haɗiyar yawu. Mun taɓa ƙasa a filin Baiyun wajen huɗun yamma, tara na safe a hannuna, daidai lokacin da yarana ke ɗaga ƙofar shago. Aka cika katin shiga, na'ura ta ɗauki yatsu, jami'i ya tambayi masauki da ranar komawa, ya buga hatimi. Jakunkuna suka fito lafiya. WhatsApp da Facebook ba sa aiki a layin ƙasar, don haka tun a gida na sauke WeChat a wayata da ta uwargida, da shi na sanar da ita mun sauka. Tasi ta kai mu Xiaobei, unguwar da 'yan Afirka suka fi sauka, inda ake samun gidajen abincin Musulmin ƙasar. A ɗaki na shimfiɗa darduma na juya gabas bisa sabo, Alhaji ya kama kafaɗata ya juya ni. Makka tana yamma da Gwanzu, mun wuce ta tun cikin dare.

Jiki bai yarda da lissafin bakwai ɗin nan da wuri ba. Sha biyun dare a can biyar na yamma ne a Kaduna, ido ƙyam, kuma daidai lokacin ne masu saye ke damun yara a shago, su kuma su dame ni da tambayar farashi. Bakwai na safe kuwa, da za a fita Pazhou wurin bajekoli, sha biyun dare ne a jikina. Maganin Alhaji shi ne kada a kwanta da rana ko da ido na rufewa, a fita a sha hasken safe, a ci abinci a lokacin mutanen gari. Ya yi aiki, amma sai da aka ɗan kwana biyu. A nan ne ma na gane dalilin da saƙon masu masana'anta ke shigo mini ƙarfe biyu ko uku na dare a gida, lokacin ne suke buɗe ofis.

Dawowa ta juye komai. Mun tashi sha biyu da rabi na dare, muka yi kusan awa 11 a sama, kuma duk cikin duhu. Muna gudu yamma, alfijir na biye da mu, bai cim mana ba sai da muka kusa Habasha, don jirgi ba ya tsere wa rana, jinkirta ta kawai yake yi. Na yi barci, na farka, na ci abinci, na sake barci, taga baƙa ƙirin. Jiran Adis gajere ne a wannan karon, da rana tsaka muna Abuja da jakunkuna huɗu cike da samfur. Ba mu tsaya neman jirgin ƙasa ba, muka ɗauki shatar mota. Aikin hanya da jerin tireloli suka riƙe mu, sai bayan magariba muka wuce Gonin Gora muka shigo gari.

Kayan da na saro ba su biyo ni ba. Batura masu nauyi ta ruwa suke zuwa, a kwantenar da muka haɗa mu da yawa. Daga tashar Nansha zuwa Legas jirgin ruwa yana yin fiye da wata guda, sai fitar da kaya a kwastan, sai tirela zuwa Kaduna. Duk wanda ya zo shago ya tambaya, ce masa nake ya dawo bayan sabuwar shekara, in kuma yana sauri akwai ragowar tsohon kaya a tsohon farashi.